Gidanku Da Zaure, Birauzarka Ko Labule Babu

Rubutun yau da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai ya sayi ta dare. Amma don Allah a daure a karanta har ƙarshe, musamman 'yan ajin ƙarshe masu furojet da mu 'yan mastas.

Akwai maganar da na gaji da ji a bakin ɗalibanmu na Arewa, tun daga ɗan aji ɗaya har mai rubuta tesis: "Ni ai ba ni da abin ɓoyewa." Da zarar ka ce wa mutum ya gyara yadda yake shiga intanet, sai ya bushe da dariya, wai shi wane ne da Mark Zuckerberg zai damu da shi, talaka ɗan talaka mai neman kuɗin handawut. Wallahi wannan sakaci ne aka naɗa wa rawanin tawali'u. Abin da ya fi ɗaure min kai, masu faɗin haka sun fito ne daga gidajen da ba a wasa da sirri ko kaɗan.

Ka tuna gidanku na Kano ko Zariya ko Gusau. Baƙo iyakarsa zaure. Aminin maigida ya ɗan ƙara gaba zuwa shigifa. Cikin gida kuwa sai wanda ya isa. Magina ma ba sa saita ƙofar zaure da ƙofar ciki, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Akwai wanda ya taɓa cewa kakanka laifi yake ɓoyewa shi ya sa ya gina zaure? Kowa ya san mutunci ne. To kai jikan mai zaure, buɗe laftof ɗinka mu gani. Fotal ɗin makaranta, imel, banki, NELFUND, Facebook, shafin da kake sauke fim, shafin da kake farautar littafin kyauta, da tambayar da ka yi wa Google ƙarfe biyun dare kan wata larura da ko mahaifiyarka ba ka gaya wa ba, duk a ɗaki ɗaya suke, ko labule babu.

Bari in faɗi yadda abin yake aiki, kada a ce da aljanu nake tsorata mutane. Yawancin shafukan da ka shiga suna ajiye wata 'yar alama a cikin birauzarka, ita ake kira kukis. Wani injiniya, Lou Montulli, shi ya ƙirƙiro ta a kamfanin Netscape a 1994, kuma da kyakkyawar niyya: don shafi ya gane ka in ka dawo, kada ya riƙa tambayarka kalmar sirri duk motsi ɗaya. Kamar lambar da ake ba ka ne in ka ajiye jaka a ƙofar laburare. Ka dawo ka nuna lamba, a gane kai ne, a ba ka kayanka. Har nan babu laifi.

Yanzu ka ɗauka mutumin da ya ba ka lamba a laburare, shi ne dai zaune a ƙofar kilinik, shi ne a ƙofar banki, shi ne a ƙofar gidan kallon ƙwallo, kuma duk inda ka shiga sai ya dubi lambarka ya rubuta a littafinsa. Bayan zango ɗaya ya fi abokin ɗakinka sanin ka. Haka manyan kamfanonin talla suke yi. Masu shafuka da yawa suna dasa 'yan lambobin Meta da na Google a shafukansu don ƙidayar baƙi da samun kuɗin talla. Wani kana ganinsa, kamar maɓallin "Like" da aka riƙa sakawa a ƙasan labari, wani kuwa ido ba ya ganinsa sam, irin wanda ake kira Meta Pixel. Kai kana shafin jarida ko na kantin magani, saƙo ya riga ya tafi cewa mai lamba kaza ya iso nan. Tunda kuma a birauzar ka shiga Facebook da sunanka da hotonka, an san mai lambar.

Wannan ba zato ba ne. A 2022 'yan jaridar The Markup ta Amurka sun gano Meta Pixel a shafukan asibitoci 33 daga cikin manyan asibitoci 100 na ƙasar, yana aika bayani lokacin da mutum ke neman ganin likita. A shekarar dai sun gano shafin neman tallafin karatu na gwamnatin Amurka yana tura wa Facebook bayanan ɗalibai masu cike fom. A ƙasar da lauyoyi suka yi yawa kamar ƙudan damina ke nan. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, ai ka san abin da Bahaushe ya ce ka yi da naka.

Na Google ma ya fi sauƙin ganewa. Ka buɗe Gmail da safe don duba ko sufabaiza ya dawo maka da babi na biyu, ka bar shi a buɗe. Daga nan duk abin da ka bincika a Google da duk bidiyon da ka kalla a YouTube a birauzar, da sunanka ka yi shi. Wanda bai yarda ba ya shiga myactivity.google.com yanzu ya leƙa nasa. Ina ba da shawara ya leƙa shi kaɗai, kada ya yi a gaban jama'a.

Sai mu dawo kan "wa zai damu da talaka". Ɗan uwa, a 2023 kaɗai Meta ya samu sama da dala biliyan 130 daga talla. Ba attajiran duniya ne suka tara masa wannan kuɗin da kallonsu ba, irinmu ne, biliyoyi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Gwamnatinmu ma da muke cewa ba ta damu da mu ba, ta san bayanan nan kuɗi ne: a watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kuma a Afrilun 2025 kotun da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da tarar. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ka haƙƙin sirri, kuma tun Yunin 2023 muna da dokar kare bayanai da hukumarta, NDPC. Kamfani ya ce bayananka suna da daraja, hukuma ta ce suna da daraja, kai kaɗai mai abin ne kake cewa ba su da ita.

Wanda ya manta da Cambridge Analytica bari in tuna masa, don mu abin ya taɓa kai tsaye. Mutum kusan 270,000 ne suka amsa tambayoyin wani wasa a Facebook, amma ta hanyarsu aka kwashi bayanan mutum har miliyan 87, don an haɗa da na abokansu da ba su san hawa ba balle sauka. A Maris 2018 jaridun Guardian da Observer na Ingila suka ba da labarin cewa an ɗauki hayar wannan kamfani a zaɓenmu na 2015 don ya yaƙi takarar Muhammadu Buhari, har da bidiyon tsoratarwa mai cike da zubar da jini da aka jingina wa Musulmin Arewa. Tsohon ma'aikacinsu Christopher Wylie ya yi bayanin bidiyon a gaban kwamitin majalisar dokokin Birtaniya. Ko kana son Buhari ko ba ka sonsa, darasin ɗaya ne: wanda ya san abin da kake tsoro ya san inda zai taɓa ka.

Ku lura da abu ɗaya a wannan labari: mafi yawan waɗanda aka cuta ba su ne suka danna komai ba. Mun ga irinsa a nan gida da manhajojin ba da bashi. Mutum nawa a cikinmu aka turo wa saƙo cewa wane ɓarawo ne ya gudu da kuɗin kamfani, alhali laifinka kawai lambarka tana wayarsa? A Agustan 2021 NITDA ta ci Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan irin wannan, kuma sai a ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi shiga lambobin waya da hotunan mutane. Sirrin da ke na'urarka ba naka ba ne kai kaɗai. Akwai hoton ƙanwarka, akwai takardar asibitin babanka, akwai NIN da BVN na ƙaninka da ka cike wa fom.

Mu 'yan bincike namu ya fi nauyi. Ni a Kuchigoro nake zaune, a kan titin filin jirgi, kuma duk wanda ya san unguwar ya san sansanin Sabon Kuchigoro, inda 'yan uwanmu da rikicin Boko Haram ya raba da Gwoza suke zaune tun 2014. Ɗalibai ba sa yankewa a wurin: 'yan nazarin zamantakewa, 'yan kiwon lafiyar al'umma, 'yan aikin jarida, kowa da fom ɗinsa da rikodarsa. Baiwar Allah za ta zauna ta gaya maka abin da aka yi mata a hanyar gudu, abin da wataƙila mijinta ma bai sani ba, saboda ka karanta mata takarda cewa za a riƙe sirrinta. Sai ka dawo ɗaki ka zuba muryarta da sunanta a Google Drive, a akawun ɗin da yake buɗe dare da rana, a birauzar da kake shiga kowane kwararo da ita, a laftof ɗin da rabin hostal ke ara. To kai ba ka da abin ɓoyewa, mun ji. Ita fa? Amana ka ɗauka, kuma ba sufabaiza ne kaɗai zai tambaye ka ita ba.

Shi ya sa nake kira mu gina wa birauzarmu ɗakuna. Abin kyauta ne kuma bai kai tsawon lakca ɗaya ba. Birauzar Firefox ta kwamfuta tana da wata 'yar manhaja da ake liƙa mata, sunanta Firefox Multi-Account Containers, Mozilla da kansu suka fitar da ita a 2017. Aikinta shi ne ta raba birauza ɗaya zuwa ɗakuna, kowane ɗaki da sunansa da launinsa da nasa kukis ɗin. Abin da aka ajiye a ɗaki ɗaya, shafin da ke wani ɗakin ba ya ganinsa. Mai ba da lamba ya ba ka lamba a ɗakin zumunta, in ka shiga ɗakin kuɗi bai ga wannan lambar a hannunka ba. Daɗin abin shi ne ba sai ka riƙa tunawa ba. Sau ɗaya za ka ce mata wannan shafin a riƙa buɗe shi a ɗaki kaza, daga nan ko ta ina ka danno shi, da kanta za ta kai shi ɗakinsa.

Ga yadda na raba nawa, kowa ya gyara daidai da rayuwarsa. Ɗaki na farko Makaranta, launin shuɗi: fotal, imel ɗin makaranta, shafukan mujallun bincike. Na biyu Kuɗi, launin kore: banki, Remita, NELFUND, duk inda ake tambayar BVN ko lambar kati. Na uku Bincike, launin ja: akawun na daban da na buɗe don bayanan tesis kawai, ba na shiga ko'ina da shi. Na huɗu Gida: imel ɗina na kaina. Sauran yawo, karanta jarida, tambayar Google, kallon YouTube, duk a waje nake yin su inda ban shiga akawun ɗin kowa ba. Nan ne zaure.

Akwai wasu biyu da ke ƙara wa miya gishiri. Ta farko Facebook Container, ita ma ta Mozilla ce, sun fitar da ita a Maris 2018 ana tsakiyar rigimar Cambridge Analytica. Ita ba ta buƙatar ka saita komai. Da ka liƙa ta, sai ta kulle Facebook da Instagram da Messenger a ɗakinsu, in ka danna mahaɗin da zai fitar da kai waje ta buɗe shi a wajen ɗakin, ta kuma toshe 'yan leƙen asirin Meta da aka dasa a wasu shafuka. Za ka ga 'yar alamar shinge a inda ta toshe. Ta biyu Temporary Containers, wadda ba Mozilla ne suka yi ta ba. Ita kuma tana buɗe wa shafi sabon ɗaki na wucin gadi, in ka rufe shi ta share kukis ɗinsa bayan ɗan lokaci. Tana da ɗan wahalar saitawa, don haka wanda yake farawa ya tsaya a biyun farko, sun ishe shi.

Ga wata fa'ida da ba a cika faɗa ba, ni kuwa ita ta fi burge ni. Kun san mahaɗan da ake watsawa a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp: an buɗe tallafin karatu, an buɗe ɗaukar aiki, gwamnati na raba data kyauta, yi maza kafin a rufe. Da yawansu shafukan bogi ne da aka zana su sak na gaskiya don ka zuba kalmar sirrinka. In ka riga ka ajiye fotal ɗin gaskiya a ɗakin Kuɗi, duk sanda ka buɗe shi za ka ga koren layi da sunan ɗakin a sama. Ranar da ka danna wani mahaɗi ya buɗe shafi mai kama da shi amma babu koren layi, to ka tsaya ka sake duban adireshin da kyau. Ido yana ruɗuwa da tambari da launi, manhajar kuwa adireshi take dubawa.

Har wa wanda sirri bai dame shi ba akwai riba. Mai imel biyu, na makaranta da na kansa, zai buɗe su gefe da gefe ba tare da fita daga wannan ya shiga wancan ba. Mai riƙe wa ƙungiya shafi ba zai wayi gari ya ga ya saki raha da sunan ƙungiya ba. Kilas ref da ke fama da akawun uku ya san abin da nake nufi.

Na san me za a ce. Na farko: "Ai ina amfani da Incognito." Malam, Incognito share sawu ne a cikin na'urarka kawai, don wanda zai ari laftof ɗin kada ya ga inda ka je. Shafin da ka shiga yana ganinka, mai waifai ɗin da kake hawa yana iya ganin shafukan da ka nufa, kuma duk shafukan da ka buɗe a zama ɗaya na Incognito ɗaki ɗaya suke tarayya. In ka shiga Gmail a ciki, ka faɗi sunanka da bakinka. An kai Google ƙara a Amurka kan wannan, kuma a 2024 ya amince zai goge biliyoyin bayanan da ya tara na masu amfani da Incognito. Mutumin da ya rufe idonsa yana zaton ba a ganinsa, shi ne mai dogaro da Incognito.

Na biyu: "Ni Chrome na saba." Na ji, sabo turken wawa, kuma ban ce ka goge shi ba. Amma ka san na wane ne. Chrome na Google ne, Google kuwa da talla yake ci. A Janairun 2020 ya yi alkawarin cikin shekara biyu zai daina barin kukis ɗin 'yan leƙen asiri su yi aiki a Chrome. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa, a Yulin 2024 ya ce ya fasa. Safari na Apple tun 2020 ya toshe su. Ba a ba kura ajiyar nama. Wanda dole sai Chrome, to aƙalla ya buɗe furofayil daban-daban a cikinsa, ɗaya na makaranta ɗaya na yawo. Ya fi babu, sai dai kai ne za ka riƙa tuna wanne za ka buɗe, kuma ranar da kake sauri ranar za ka manta.

Na uku, na masu ilimin kwamfuta: "Ai tun Yunin 2022 Firefox yana raba wa kowane shafi nasa tulun kukis da kansa, me ya rage?" Gaskiya ne, kuma wannan ma dalili ne na komawa Firefox ko ba ka liƙa komai ba. Sai dai wannan tsarin tsakanin shafi da shafi yake shiga. Ba ya raba kai ɗalibi da kai mai bincike da kai ɗan zaman majalisa. In ka shiga Gmail, binciken Google ɗinka yana nan da sunanka, sai ɗakuna ne ke raba wannan. Wani kuma zai ce Mozilla ma daga Google yake samun mafi yawan kuɗinsa. Haka ne, Google yana biyansu don ya zama injin binciken farko a Firefox. Ban ce waliyyai ba ne. Amma lambobin da aka rubuta waɗannan manhajoji da su a buɗe suke, duk mai ilimi yana iya dubawa, kuma kai ma kana iya gwadawa da idonka: shiga Facebook a ɗaki ɗaya, buɗe shi a wani ɗakin, ka ga ko zai gane ka.

Kada kuma wani ya tafi ya ce na ce an samu laya. Ɗaki ɗaki ne, ba kwaɗo ba ne. Ɗakunan nan ba sa ɓoye adireshin intanet ɗinka. Ba sa raba tarihin yawonka da kalmomin sirrin da ka ajiye, waɗannan a wuri ɗaya suke. Ba sa hana kamfani ya yi ƙoƙarin gane na'urarka ta kamanninta, kamar girman allo da irin tsarinta. Abin da ka rubuta a cikin Facebook da hannunka, Facebook ya gani, shi ya sa Mozilla da kansu suka ce manhajarsu da ba ta hana abin da ya faru a Cambridge Analytica ba. In kuma ka sauke SPSS na sata daga wani lungu ya shigo maka da ƙwayar cuta, babu ɗakin da zai cece ka, gidan gaba ɗaya aka shiga.

Kwaɗon daban yake, kuma shi ma kyauta ne. Laftof ɗin da ake ara, a buɗe wa masu aro nasu akawun na Windows, naka ka sa masa kalmar sirri. Ba rowa ba ce, shi ma mai aron ka kare shi. A Firefox ka sa babbar kalmar sirri a kan waɗanda ka ajiye. Imel da Facebook a kunna musu tabbaci mai hawa biyu. Sannan maganar shagunan buga takardu. Ku shiga kowanne a bakin titin nan, daga Kuchigoro zuwa Lugbe har Gwagwalada, ku nemi buɗe Gmail a kwamfutar shagon, ku ga jerin sunayen bayin Allah da suka shiga ba su fita ba. Wani WhatsApp ɗinsa ma a buɗe ya bari, saƙonni suna ta shigowa ana kallo. 'Yan uwa mata, ku wannan ya fi shafa, don kun san abin da hoto ɗaya yake jawowa a garuruwanmu. In za ki buga takarda, ki tura fayil ɗin kaɗai ko ki kawo shi a filash. In dole sai kin shiga akawun, ki fita kafin ki miƙe daga kujerar, ko layi ya kai titi.

Wani gargaɗin: kada daɗin abin ya sa ka liƙa duk 'yar manhajar da ka gani. Irin waɗannan manhajoji suna iya ganin abin da kake yi a birauza, don haka mugunyarsu ta fi ɓarawon waje illa. A 2018 an cire wata mai suna Stylish daga kasuwannin Chrome da Firefox saboda tana kwasar tarihin yawon mutane. A ƙarshen 2019 Mozilla ya sauke na Avast da AVG, kamfanonin rigakafin cutar kwamfuta fa, kan irin wannan laifi. Ku tuna lokacin da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, yadda muka yi ta sauke kowane VPN na kyauta ba tare da tambayar na wane ne ba. A je addons.mozilla.org kai tsaye, a duba sunan wanda ya yi manhajar, a tsaya a kan kaɗan.

Masu cewa su a waya suke komai, maganarku tana kan hanya, don ɗakunan nan a Firefox na kwamfuta suke aiki, ba sa aiki a na waya. Amma dabarar ba ta mutu ba. Ka ware birauza ɗaya don makaranta da kuɗi, wata daban don yawo, kada ka shiga akawun ɗin komai a ta yawon. Mahaɗin da ka danna a cikin manhajar Facebook ko Instagram, a cikin gidansu yake buɗewa, don haka ka fitar da shi zuwa birauzarka kafin ka rubuta wani abu mai muhimmanci. Ka shiga saitin waya ka duba wace manhaja ka ba izinin lambobinka da hotunanka da wurin da kake. Tocila ba ta da hulɗa da lambar kakarka.

Ƙorafina na ƙarshe ga manyanmu ne. Ana koya mana kwas ɗin kwamfuta na dole, mu haddace tarihin na'ura tun daga abakus, mu ci jarrabawa, mu fita ba mu san yadda ake fita daga akawun a kwamfutar haya ba. Ana sa mu cike fom ɗin ɗa'ar bincike, a buga hatimi, babu mai tambayar a ina muryoyin mutanen za su kwana. Ƙungiyoyin ɗaliban jihohinmu suna da kuɗin dina da lambar yabo da kalanda. Awa ɗaya a makon karɓar sababbin ɗalibai, ɗan sashen kwamfuta ɗaya, majigi ɗaya, a nuna wa yara yadda ake wannan, me zai ci? Shugabannin ƙungiyoyi da ke karanta wannan, ga aiki na kawo muku, kuma ni a shirye nake in zo in yi bayanin ba tare da an ba ni ko kuɗin mota ba.

Kafin su motsa, kai ka motsa. Yau da dare in an kawo wuta, sauke Firefox, liƙa manhajojin nan biyu na Mozilla, buɗe ɗaki uku ko huɗu, kai fotal da banki inda ya dace, sa wa laftof kwaɗo. Wanda ya maƙale a wani wuri ya yi tambaya a ƙasa, ni ko wani zai amsa. Mai bayanan mutane a hannunsa kuwa, musamman na 'yan gudun hijira da marasa lafiya da yara, shi kada ma ya jira dare.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mu ikon riƙe amanar da muka ɗauka, Ya sa mu gama karatun nan lafiya.